Labarin da Ba Shi da Kwanan Wata

Mahaifina Malam Labbo mai awo ne. Gidanmu yana Kaura Namoda, amma rumfarsa tana kasuwar Shinkafi. Ranar kasuwa manoman Dauran da Banga da Ɗan Isa sukan sauke buhunan gero da dawa a gabansa, su tafi sha'aninsu. Shi zai auna wa masu saye, da yamma su dawo ya gaya musu abin da ya fita. Ba wanda yake tsayawa a kansa. Duk sana'ar a kan yarda take zaune, kuma tun kafin a haife ni suka yarda da shi.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, aka fito da masu duba awo suna zagaya kasuwanni. Baba ya fi kowa murna da su, don ya daɗe yana ƙorafin masu bubbuga gindin tiya su rage mata ciki. Wata ranar kasuwa suka tsaya a rumfarsa. Ɗayansu ya ɗaga tiyarsa, ya ga ta lotsa a gefe, inda amalanke ta taɓa taka ta. Suka ce ya biyo su wurin alƙali. Haka suka ratsa kasuwa da shi, mutum ɗaya a gaba riƙe da tiyar, Baba a baya, jama'a suna kallo.

Alƙali bai ɓata lokaci ba. Ya sa aka kawo tiyar hukuma, aka cika ta Baba da gero, aka juye a cikinta. Ta cika har 'yan ƙwayoyi suka zubo ƙasa. Tsohuwar tiya ce mai faɗin ciki, lotsawar ba ta rage ta ƙasa da ƙa'ida ba. Alƙali ya ba shi haƙuri, ya juya wurin magatakarda ya ce kada a rubuta komai, don kada sunan dattijo ya shiga littafin kotu a kan abin da bai yi ba. Baba ya dawo gida yana sa masa albarka.

Abin da ba mu sani ba shi ne, a ranar akwai wani ɗan jarida daga Kaduna a kasuwar. Lokacin 'yan jarida sun cika jihar, kowa yana neman labarin bulala. Ya ga ana tafiya da Baba, ya tambayi sunansa, ya hau mota ya nufi Gusau tun kafin a kai ƙofar kotu.

Ni a lokacin na gama karatun kwamfuta, ina aiki a shagon intanet na Zubairu, kusa da inda ɗalibai suke zama. Duk wanda ya fara koyon intanet a garinmu, abu ɗaya yake fara yi. Sai ya rubuta sunan Kaura Namoda ya ga ko duniya ta san da mu. Abin da duniya ta sani game da mu bai taka kara ya karya ba, kuma na farko a ciki shi ne wannan labari, da Turanci: wani mai awo, Labbo na Kaura Namoda, yana fuskantar bulala saboda tauye mudu.

Na gan shi wata shida ko fiye bayan faruwar abin. Na karanta, na sake karantawa, sannan na duba saman shafin. Kwanan watan ranar da nake zaune ne a wurin. Shi labarin ba shi da kwanan wata nasa. Shafin ne yake sa ranar da aka buɗe shi a sama, kamar kalanda. Duk ranar da ka buɗe, labarin na ranar ne.

Wani ɗalibi ya buga shi a takarda ya kai gida. Daga gida takardar ta je tasha, wani ya fassara wa direbobi, direbobi suka ɗauke ta zuwa Shinkafi da Zurmi. Maganar ta lafa, sai wani ya sake buɗewa ya buga, da sabuwar rana a sama. Aka ce an sake kama Labbo.

"Ka daina buga masu wannan," na ce wa Zubairu.

"Zulai, ni firinta gare ni, ba kujerar alƙali ba. In na hana nan, Gusau za su buga."

"Ka san ƙarya ce."

"Na sani. To amma mutum ya nuna mini rana a sama, ya ce Turawa sunka rubuta yau. In ce mishi mi? Kwamfuta ta yi mahwalki?"

Ba a daina gaishe da Baba ba. Wannan ne ya fi ciwo. Ana gaishe shi kamar da, buhunan ne kawai suka fara sauka a rumfar Namadi, maƙwabcinsa. Ba wanda ya ce masa ɓarawo. Manomi dai ba ya son barin abincin shekararsa a hannun mutumin da ake yawan ambata da kotu. Baba ya fara dawowa gida tun kafin la'asar. Daga baya ya ce ƙafarsa tana ciwo, ya daina zuwa.

Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba.

"Bari, uwata," ya ce. "Magana ce. Tana wucewa."

"Wagga ba ta wucewa, Baba. Kullum anka buɗe ta sabuwa take komawa."

"Allah ya san abin da na auna."

"Allah ya sani. Mutanen Dauran nake so su sani."

Ya yi murmushi bai ɗago ba. Ya ce karatun boko ya sa mini baki.

Na aika wa kamfanin labaran da ɗan jaridar yake wa aiki a Kaduna saƙo ta imel, na sake aikawa, shiru. Sai na haɗa kayana na ce Kaduna za ni, gidan Gwaggo Saude ƙanwar Baba. Inna ta ce me mutane za su ce, budurwa ta kama hanya ita kaɗai. Na ce mata mutanen sun riga sun sami abin cewa a kan gidanmu, wannan ƙari ne kawai. Na zauna a kujerar mata a bayan mota har muka isa.

Ofishin ɗakuna uku ne a saman wani bene. Editan, Malam Abdulrashid, mutum ne mai furfura a gemu da idanun wanda bai ƙoshi da barci ba. Ya saurare ni har na gama, abin da ban zata ba. Ya buɗe labarin ya karanta. Ya ce wanda ya rubuta ya daɗe da barin aiki.

"Ko na cire shi daga shafinmu, yana wurin wasu," ya ce. "Jaridun waje suna ɗaukar labaranmu. Kowa ya kwafa ya liƙa yadda ya ga dama. Ba shi da lamba, ba shi da rana. In na ce musu su gyara, wanne zan ce su gyara?"

"To haka zai zauna har abada?"

Ya jawo wasu takardu. Ya ce kamfanonin labarai sun shirya komawa kan tsari ɗaya. Kowane labari za a yi masa alamomi a cikinsa, waɗanda mai karatu ba ya gani, na'ura ce take karantawa. Alama ɗaya ta lambar da ba ta canzawa, ɗaya ta ranar da aka rubuta, ɗaya ta wurin da abin ya faru, ɗaya kuma ta matsayin labarin: yana nan daram, ko an gyara shi, ko an janye shi. Idan aka gyara, na'urorin masu ɗauka za su ga lambar da suka sani ta dawo da sabon rubutu, su cire tsohon su sa sabon da kansu.

"Sababbin labarai ba matsala," ya ce. "Tsofaffin ne. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, a nemo ranarsu ta gaskiya a tsofaffin faifai, a yi musu alama, a sake aika su. Ba wanda ke son aikin nan a cikin yarana."

"Ni zan yi."

"Kin iya?"

"Ka ba ni kujera ka gani."

Ya ba ni, a wani lungu kusa da tagar da hayaƙin janareta yake shigowa. Sharaɗinsa ɗaya ne, daga farko zan fara in bi su a jere, don lambobin da tsarin rana suke tafiya. Labarin Baba yana can tsakiya. Na roƙe shi in fara da shi, ya ce in aka tsallake ɗaya duk sauran za su rikice.

Maza ne duk a ofishin in ban da ni. Tun ranar farko suka raɗa mini Hajiya Zamfara. In na shigo sai wani ya ce, "A ɓoye hannuwa, ga hukuma ta iso." Wani mai suna Mus'ab ba ya gajiya da kwaikwayon harshena.

"Hajiya, ina munka kwana? Mi anka yanke yau?"

"Ba a yanke komai ba tukuna. Ana jiran ka gama cin ƙosan da ka ɗauka a teburina."

Suka yi dariya, ni ban yi ba. Daga baya sun rage, da suka ga ina riga su zuwa kuma ina barin su su tashi.

Aikin ba shi da wuya, gajiya ce da shi. Ka buɗe labari, ka nemo ranarsa, ka buɗe alama ka rubuta ka rufe. In ka manta rufe guda ɗaya, na'ura ta ƙi karɓar duka. Wuta ta ɗauke, abin da ba ka adana ba ya tafi. Damina ta same ni a kujerar nan, ta wuce ta bar ni. Na bi ta kan labaran ambaliya, da na haɗarin mota, da na taron siyasa, da na mutanen jiharmu da yawa waɗanda aka ga shigarsu kotu ba a ga fitarsu ba. Gwaggo Saude takan ce idanuna sun faɗa. Daga gida kuwa saƙo ɗaya ne direbobi suke kawowa: kowa lafiya, Baba yana zaure.

Wata rana na kai kan labarin Baba. Na ba shi lambarsa. Na rubuta ranarsa ta gaskiya, wadda ta kusa shekara biyu da wucewa. Na rubuta Shinkafi a wurin da ya dace. Daga ranar ya daina zama labarin yau. Sai na zo kan alamar matsayi, na tashi na sami Malam Abdulrashid.

"Gyara zan sa."

"Gyara sai da madogara," ya ce. "Haka ƙa'idar take. Duk gyaran da ba a faɗi inda aka samo shi ba, masu ɗauka ba za su karɓa ba. Kawo mini takardar kotu."

"Ni 'yarsa ce. Na san abin da ya faru."

"Shi ya sa ma. Zulaihat, akwai hanya mai sauƙi. In janye shi. Wannan ikona ne, ba ya buƙatar takarda. Yau ɗin nan zai ɓace daga shafinmu da na duk wanda ya shiga tsarin."

"In an janye me za a rubuta a wurin?"

"Ba komai."

"Wanda ya karanta jiya fa?"



"Sai a ce mun sa an ɓoye," na ce. "Ba na son ya ɓace. Ina son a ce bai yi ba."

Ya dube ni ya daɗe, ya ce in je in dawo, kujerata tana nan.

A kotun Shinkafi magatakarda ya duba littafin shekarar daga bango zuwa bango. Babu Labbo. Ya ce alƙalin wancan lokaci an mayar da shi Zurmi. Washegari na kama hanyar Zurmi, na zauna a bencin mata har ya gama shari'un gabansa, sannan aka shigar da ni. Dattijo ne siriri, yana magana a hankali kamar mai tsoron tayar da jariri. Ina ambaton tiya ya tuna.

"Labbo mai awo. Tiyarshi har zuba ta yi. Ni na hana a rubuta, ɗiyata. Rufin asiri na yi mishi."

"Allah gafarta Malam, mun gode. Amma wani ya rubuta rabin farko, ya watsa duniya. Rabin ƙarshe ne babu."

Na yi masa bayanin shafin da ranar da take canzawa. Ya saurara da kyau, yana jinjina kai. Na roƙe shi ya rubuta mini takarda cewa ya wanke Baba.

"Ba ni iya rubuta hukunci kan shari'ar da ba a buɗe ba," ya ce. "In na sa hatimi kan haka, na yi shaidar zur da hannuna. Hanya guda ce. A koma Shinkafi, wanda ya kama shi ya shigar da ƙara gaban alƙalin da ke can, ubanki ya tsaya, a sake awo. Ni in zo in ba da shaida. Sannan a rubuta."

"Ya sake tsayawa?"

"Ya sake tsayawa." Ya sunkuyar da kai. "Alheri na nuhwa, Allah shaida."

Na san alheri ya nufa. Da mugunta ya yi, da na sami wanda zan yi wa fushi.

Inna ce ta fara tashi da na faɗa musu. Ta ce mutum yana zaune lafiya a gidansa, in zo in sake jan shi gaban jama'a saboda wata takarda ta Turawa. Ta ce tun da na tafi maganar ta fara kwanciya. Na ce ba kwanciya ta yi ba, shi ne ya daina fita inda zai ji ta. Ta ce ban da kunya. Ban musa ba.

 Na gaya wa Baba har da batun janyewa, ban ɓoye ba. Na ce in ya zaɓi wannan, zan koma in sa a yi. Kwanaki suka wuce ina kai masa abinci zaure yana sa albarka kamar kullum. Wata safiya na fito na tarar ya sauko da tiyar daga saman rumbu, yana goge ta da tsumma.

"Uwata, in anka rubuta, hankalinki na kwanciya?"

"Ba don ni ba ne, Baba."

"Don ke ne. Ni na san abin da na auna."

Na so in yi gardama, na fasa. In don ni ne, to don ni ne. Sunan nan shi ne a kan takardun makarantata, shi za a kira ƙannena da shi, kuma ban ga dalilin da zan ɗauke shi da tabo ba alhali mai shi bai yi komai ba.

An zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba don kada a taru, amma an taru. Mai duba awon da ya kama shi ya shigar da ƙarar, kansa a sunkuye, yana ta ba Baba haƙuri tun a waje. Alƙalin Zurmi ya zo kamar yadda ya yi alkawari. Baba ya tsaya a gaban kotu da farar rigarsa ta Juma'a, aka karanta masa tuhumar tauye mudu da babbar murya, abin da ba a yi masa ba a karon farko. Ina kallon bayan wuyansa. Aka tambaye shi ko ya amsa, ya ce bai amsa ba. Aka cika tiya, aka juye, gero ya zubo. Magatakarda ya rubuta, aka buga hatimi.

Waɗanda suke cikin ɗakin sun ga geron da ya zubo. Waɗanda suke waje, kuma sun fi yawa, shigarsa kawai suka gani. Kafin mu kai Kaura labari ya riga mu, an sake kai Labbo kotu. Wannan karon ba wanda zai ce ƙarya ce.

Na koma Kaduna da takardar. Malam Abdulrashid ya karanta, ya ce in rubuta gyaran da kaina shi ya duba. Na rubuta gajere: kotu ta auna tiyar, ta same ta cikakkiya, ta wanke shi. Na sa madogara. Lambar tana nan yadda take, na canza matsayin zuwa an gyara, muka aika. Kwanakin da suka biyo baya na yi ta buɗe shafukan jaridun waje. Ɗaya bayan ɗaya suka canza, ba tare da wani ya roƙe su ba. Tsohon kanun ya sauka, sabo ya hau, da ranarsa a ƙasa. Wani shafi guda bai shiga tsarin ba, har yau tsohon yana can. Mus'ab ya leƙo ta kafaɗata ya karanta, ya koma wurinsa bai yi wasa ba.

Na buga gyaran na kai gida. Na karanta wa Baba da Turanci don ya ji yadda yake, sannan na fassara masa.

"To," ya ce. "Madalla."

Ranar kasuwa ya shirya, na ce zan raka shi. Ya share rumfarsa da kansa, ya shimfiɗa buhu, ya zauna. Na liƙa takardar a jikin ginshiƙi. Mutane suna wucewa suna gaisuwa. Wasu suka tsaya suka dubi takardar, ba su tambayi abin da ke ciki ba. Motocin Dauran suka iso, buhuna suka sauka a rumfar Namadi. Wata tsohuwa ta kawo ɗan ƙullin dawa ya auna mata, ya auna da natsuwa kamar buhu goma aka ba shi.

Wajen azahar Halilu na Dauran ya zo. Shi ne manomin da ya fi kowa daɗewa da Baba, tun mahaifinsa yana raye suke tare. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafa, ya tambayi yara ɗaya ɗaya.

"Wallahi Malam, mu ba mu taɓa yarda da maganar ga ba," ya ce. "Ko rana ɗaya."

"Amma geronka na rumfar Namadi," na ce.

"Uwata," in ji Baba.

Halilu ya sosa ƙeya. Ya ce ai an riga an saba, kuma Namadi bai yi musu laifi ba, in suka janye yanzu kamar sun zarge shi ne. Ya ce bari dai a ga kaka mai zuwa. Baba ya ce gaskiya ne, bai kamata a ɓata wa Namadi ba. Suka yi sallama da fara'a. Na juya baya don kada Halilu ya ga fuskata, ba don kunyarsa ba, don bai cancanci ya gani ba.

Mun zauna har kasuwa ta fara watsewa. Baba bai yarda mu tashi da wuri ba.

A mota ya samu gaba, ni ina baya tare da mata. Sai da muka tsaya wani ƙauye ana sauke kaya, muka fito miƙe ƙafa, sannan ya yi mini magana. Ya ce zai bar wa Usmanu ɗan wansa rumfar, yaro ne mai hankali, kuma ba a taɓa ambatarsa da komai ba.

"Baba, yau ce rana ta farko. Za su saba."

"Ƙahwahuna sun gaji da gaske yanzu." Ya dubi gonakin da aka girbe, karan dawa a tsaye. "Cikin waɗanda kike yi wa alama, akwai irin nawa?"

"Akwai. Da yawa."

"To ki koma, ki bi su. Aiki ne mai kyau." Ya gyara hularsa. "Amma ki riƙa zuwa wurin mai abu tukuna, ki zauna, ki ji mi yake so. Wani ya fi son a bar shi."

Na ce to. Ban ce masa na yi kuskure ba, don ban yi ba, shi ma bai nemi in ce ba. An rubuta cewa bai tauye wa kowa ba, da rana, da hatimi, kuma duk wanda ya nemi sunansa daga yau abin da zai fara gani ke nan. Abin da na iya ke nan. Rumfar ban iya dawo masa da ita ba.

Direba ya yi hon muka koma ciki. Da muka isa tashar Kaura, Baba ya riga kowa sauka. Direbobi suna zaune a kan benci ƙarƙashin bishiyar bedi, su ne waɗanda suka yi ta yawo da takardar farko. Akwai hanya ta bayan rumfunan masu shayi da za ta kai mu gida ba tare da mun bi ta gabansu ba. Bai bi ta ba. Ya nufe su a hankali yana jan ƙafar, ya ba kowannensu hannu, ya tambayi iyalinsa. Ni na tsaya daga gefe da jakata, ina jira ya gama.